Wa Zai Sauko da Hajiya Awadiyya?

Hayyin Ashir, Alƙahira

Yaya Fatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Mama?

Sanyin bana ya tsananta, kowa ya rufe taga ya kunna murhun gas a ɗaki. Makon jiya gobara ta tashi a benen bayanmu, na sama suka rasa hanyar sauka. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, don mu ma a hawa na biyar muke, matakalar kuma ɗaya ce, siririya.

Mun zauna da maƙwabciyata Mahasin, Bahaushiyar Sudan, mun tsara abin yi. Fasfo da takardun zama da barguna suna jaka a bakin ƙofa. Idan mun fita, a masallacin bakin titi za mu haɗu. Ni zan ɗauki 'yata Nana Khadija, maigidana Ukasha ya goyo mahaifiyar Mahasin, Hajiya Awadiyya, wadda ba ta iya tafiya. Tsohuwar ta ce mu bar ta, mu ceci yara. Muka ci gaba da shirinmu.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Ummukulthum

*

Yaya Fatu,

Bayan gaisuwa, muna raye, alhamdu lillah.

Abin ya faru da hantsi, Ukasha yana makaranta. Wannan ne ba mu lissafa ba. Wuta ta kama a hawa na biyu, hayaƙi ya cika matakala. Na fito da Nana, sai na tarar da Mahasin tana jan mahaifiyarta a ƙasa ita kaɗai, tana kuka.

Wata Bamisiriya ta sauko a guje daga sama. Ko sunanta ban sani ba. Na miƙa mata 'yata, na ce masallaci. Muka naɗe Hajiya a bargo, muka riƙa saukowa muna tari, ba ma ganin inda muke takawa.

Muka isa masallaci, babu Nana. Yaya, na bi titi ina kiran sunanta har muryata ta ɗauke. A kantin magani na same ta, matar ta lulluɓe ta da mayafinta saboda sanyi.

Hajiya tana asibiti, ta farfaɗo. Mu muna ɗakin abokin Ukasha. Nana ba ta sakin zanena, kullum sai ta tambaye ni me ya sa na ba da ita.

Kada ki faɗa wa Mama tukuna.

Taki,
Ummukulthum