Ƙorafi Kan Kafson da Ya Cinye Jinin 'Yata

Zuwa ga Mai Girma Babban Likitan Gunduma,
Mirriya, Jihar Damagaram.

Daga Hamisu Umaru, manomi,
Garin Ɗan Azumi, kusa da Dogo.

17 ga Nuwamba, 2025.

Game da: sayar da kafso ba tare da ordinansi (takardar likita) ba, da rashin tambayar mai ba da magani

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kukana kamar haka.

1. Ran 5 ga Oktoba, zazzaɓi ya kama 'yata ta fari, Munira, mai shekara goma sha uku. Ana tsakiyar cirar gyaɗa, na ga zuwa likita zai ci mini yini. Na sayi kafso wajen wani mai tallan magani a kasuwa, wanda bai tambaye ni ko shekarunta ba. Kwana ashirin ina ba uwarta furar da na zuba garinsa a ciki tana shayar da ita, uwar ba ta sani ba.

2. Ran 27, bakinta ya yi gyambo, muka kai ta ɗakin shan magani. Ranka ya daɗe ya san al'adarmu: uba ba ya nuna damuwa da ɗan fari a gaban mutane. Na tsaya gindin dalbejiya, gwaggonta Talatu ta shiga da ita. Majo, malamin asibitin, ya tambaya ko ta sha magani, Talatu ta ce a'a, kuma iyakar saninta ta faɗa. Ina jin su ta taga. Ba wanda ya kira ni, ni ma ban motsa ba.

3. Sai ran 8 ga Nuwamba aka yi analiz, wato gwajin jini, a Damagaram. Likita ya ce fararen ƙwayoyin jininta, masu yaƙi da cuta, sun kusa ƙarewa. Ya ce cuta na jawo haka, yunwa ma, amma wasu magunguna na lalata ɓargo. Da na nuna masa kwalin, sai ya ce kloramfenikol ne, ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna. Kwana goma sha biyu ya ɓace saboda kunyata, abin yana cin raina.

Don haka ina roƙo a janye wannan kafso daga kasuwannin ƙauye, a kuma umarci ma'aikata su riƙa kiran uba ciki, ko da ya noƙe. Munira tana kwance har yau, ko ƙannenta ba a bari su matso ta. Idan bincike zai kai ga hukunci, ina roƙo a fara da ni.

Allah ya ja zamaninka.

Naka mai biyayya,
Hamisu Umaru