Muryarka a Wayar Mama

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Allah Ya ƙara lafiya, Ya kare ku. Mu ma kalau muke, sai dai gidan ya yi mana girma. Ni da Mama ne kawai, kunnenta kuma ya ƙara nauyi.

Maganar kunnen ce ta sa na rubuto. Saƙonnin murya da kuke turowa, kowa da irin tasa: Kawu kamar yana kiran wani a bakin titi, kai kuwa sai an kasa kunne. Mama ta gaji da latsa wayar sama da ƙasa, sai na ce bari in haɗa mata 'yar manhaja mai daidaita ƙarfin sauti, tunda sana'ata ce.

Dogo, abokin aikina, ya ce kada in wahalar da kaina, in ɗauko laburare, wato shiryayyen aikin da wasu suka rubuta don kowa ya ɗauka. Gaskiyarsa, kafin a tashi daga ofis na gama. Amma shi laburaren bai san kowa ba, duk ya mayar da ku murya ɗaya. Da na kunna wa Mama saƙonka, sai ta ture wayar, ta ce wannan ba ɗanta ba ne, ɗanta bai taɓa ɗaga mata murya ba.

Sai na zauna na rubuta nawa tun daga tushe. Na sha wuya, Dogo ya yi ta yi mini dariya, wai taurin kai ne irin na 'yan auta. Nawa bai kai nasu ƙwarewa ba, amma yana ɗago ka daidai yadda za ta ji, ya bar maka sanyin muryarka. Kawu kuwa na rage masa, bai ma sani ba.

Yanzu aiki ya yi, Yaya, abin kunnawa ne babu. Saƙonka na ƙarshe tun na bara muke ta maimaitawa. Mama ta haddace shi. Idan ka ce yaya jiki, sai ta amsa maka ta ce da sauƙi, ta ɗan jira ko za ka ƙara wani abu. Ni kuma in tashi in shiga kicin, don ba na iya kallo.

Ka gaida Anti da 'yan biyu, Gwaggo ma tana gaishe ku. Kada ka ba ni amsa a rubuce. Ka yi magana, ko ƙasa-ƙasa ne, ni zan ɗago ta.

Ƙanwarka,
Auta