Rijiyar Bayan Masama

Gwandu, 3 ga Maris

Ɗiyata Ummulkhairi,

Bayan gaisuwa da sa albarka, ke da maigidanki Zayyanu. Jiya wani makiyayi, Zubair, baƙo a ƙasar nan, ya zo har zaure riƙe da littafina na hanyoyin ƙafa daga Gwandu zuwa Kalgo. Ya ce, "Malam, rijiyar da ka rubuta a bayan Masama ta ƙafe. Da ita na dogara, maruƙana biyu suka mutu." Bai ɗaga murya ba, har fura ya sha. Ni ne na kasa cin abinci. Shekara goma sha ɗaya rabona da hanyar nan. Zan sake taka ta in gyara littafin, ko me likita zai ce.

Mahaifinki,
Atiku

Kalgo, 7 ga Maris

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Gwiwar da ba ta kai ka masallaci sai da sanda, ita ce za ta kai ka Kalgo? Don Allah ka zauna. An kusa ba mu hutu a makarantar da nake koyarwa, ni da Zayyanu za mu taka maka ita. Ka dai faɗa mini yadda ake yi.

Ɗiyarka,
Ummu

Gwandu, 12 ga Maris

Ummu,

Ina amsawa. Na yi fushi kwana biyu, ya wuce. Ku tashi da sanyin safiya. Kada ki rubuta ruwan da ba ki ɗanɗana ba. Zancen rijiya kuma mata za ki tambaya, su ke ɗiba. Allah ya tsare.

Atiku

Kalgo, 9 ga Afrilu

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Mun gama lafiya, ƙafafuna duk sun yi bororo. Rijiya uku sun ƙafe, an haƙa sababbi biyu, burtalin kusa da Diggi ya koma gona. Duk na rubuta.

A Malisa wata tsohuwa, Indo, ta ga littafinka a hannuna, ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar mai tafiyar nan ce ko? Da littafinsa ɗana ya kai ni asibiti a kan jaki, shekarar da ruwa ya cinye hanyar mota."

Baba, ina ƙarama na tsani tafiye-tafiyenka, don kowane hutu ba ka gida. Ban taɓa faɗa maka ba. A gaban tsohuwar nan na ji abin ya sake ni.

Ka huta lafiya.
Ummu

Gwandu, 14 ga Afrilu

Ummu,

Na karanta sau uku. Na san kin tsane su, ki yafe mini. Ki jiƙa ƙafafun a ruwan ɗumi da gishiri.

Akwai wata hanya daga Diggi zuwa bakin gulbi da ban samu rubutawa ba. Ban ce ki je ba, na dai faɗa miki.

Allah ya yi miki albarka.
Atiku