Dawar da ka tara, Yaya

Assalamu alaikum, Yaya Sani. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Inna tana nan Rano lafiya, sai ciwon gwiwa. Ni kuma na daɗe ina ɗauke da wata magana, kunya ta hana ni faɗa maka ko da a takarda.

Ka tuna shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, gari ya cika da wa'azi da siyasa, kai kuwa kana kan babur tsakanin Kahu da Nariya kana roƙon manoma zangarniyar dawa. Kana dawowa ka baje su a tsakar gida, ka sa ni gadin kaji. Kullum maganarka ita ce, "Iri ya fi mai shi tsawon rai."

Bayan rasuwarka na gama karatu, na samu aiki a cibiyar binciken noman da ka yi wa hidima. Aikina shi ne tsara bayanin da ke raka kowane sakamako: wa ya tara, a ina, yaushe, da wane ma'auni. Akwai ƙa'idar da masu bincike na duniya suka amince da ita, da wani kundin ma'anoni mai faɗin mene ne iri, mene ne reshensa, don kalma ɗaya ta nufi abu ɗaya ko a ina aka karanta ta. Ni nake koyar da wannan. Ni nake tsayawa gaban manya ina ce musu bayanin da ba shi da asali maraya ne.

Bara ɗakin sanyin da ake ajiye iri ya cika, aka yanke cewa duk irin da ba a san asalinsa ba za a fitar da shi. Aka miƙo mini kwalaben irin da ka tara da faifan kwamfutarka.

Na buɗe, Yaya, na ga harafin K a gaban yawancinsu. Kahu kake nufi, ko Kibiya, ko dawa ƙaura, tunda kwamfutarka ba ta da ƙa mai lanƙwasa? Na ga lambobi a ƙarƙashin gurbin amfanin gona, ban san dami ba ne, ko kwano, ko kilo. Kai ka san abinka, ba ka zaci za ka riga shi tafiya ba.

Na hau mota ranar kasuwar Kibiya da samfuri a jaka. Wasu sun tuna ka, har wani malamin allo ya yi maka addu'a. Amma zangarniya ɗaya, mutanen Kahu suka kira ta da suna, na Nariya da wani, Fulanin gefen gari da nasu. Kundin da nake taƙama da shi gurbi guda ya tanada, kuma babu ko ɗaya daga sunayen nan a ciki. Kaɗan na iya tabbatarwa. Sauran na rubuta musu "ba a sani ba", sau da yawa har na daina kallon allon kwamfutar.

A taron yanke hukunci shugabanmu, wanda abokinka ne, ya tambaye ni ko ƙa'ida ta yarda a bar su. Kowa ya san ƙanwarka ce ni, kowa ya sunkuyar da kai. Na ce ba ta yarda ba. Gaskiya na faɗa, amma ban taɓa jin nauyin bakina kamar ranar ba.

Na roƙi abin da aka fitar, na juye a buhu na kai gida. Inna ta tambaya ko an gama da aikinka ne, na kasa ɗaga ido. Ta hana a kai niƙa, ta aika wa Kawu Idi ya shuka a gonarmu.

Dawar ta fito, Yayana. Wata ta fi mutum tsawo, wata iya ƙugu, ja da fara a kunya ɗaya. Masu wucewa suna tsayawa su tambayi wace iri ce, Kawu ya ce musu ta Sani ce.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowace ƙwaya ta zame maka sadaka mai gudana, Ya haɗa mu a Aljanna.

Ƙanwarka mai kewarka,
Hauwa