Mun Tsaya a Rabin Dutse

Daura, Agusta 2003

Zuwa ga aminiyata Nwanneka, Maman Ikem,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Baban Ikem da yara duka. Yaya ƙafar nan taki mai kumbura da damina? Mu nan sai godiyar Allah. Na san karatun Hausa yana ba ki wahala, to Ikem ya karanta miki, ai a ajin Malam ya koye shi.

Shekara uku ke nan da kuka kwashe kaya kuka koma gida, lokacin rikicin Kaduna da ake ta maganar Shari'a. Ba wanda ya taɓa ku a nan, amma ban ga laifinku ba. Shagon da Baban Ikem yake sayar da kayan gyaran mota, yanzu mai taki ne a ciki. Har yau in na wuce sai na kai ido.

Abin da ya sa na rubuto shi ne idon maigidana. Tun bara Malam yake cewa yana gani kamar mai leƙe ta kafar ƙofa, gefe da gefe duhu. Mun kai shi asibitin ido a Kano, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma a hankali zai bi shi. Malam ya ajiye koyarwa, yana wuni a zaure da rediyo.

Yanzu abu ɗaya ya sa a ransa. Kin tuna dutsen nan na cikin gandun daji a bayan garin Dutsi, wanda muke hawa duk shekara in ruwa ya ɗauke? Mu cika a-kori-kurar Baban Ikem, ke da alalarki, ni da dambuna, yara suna ta tsalle a baya. Kin tuna yadda mijinki Nwafor, ƙato guda, yake rarrafe in an zo falalen nan na ƙarshe, yana waƙar cocinku don tsoro, Malam yana gaba yana yi masa dariya? Tun da kuka tafi ba mu sake zuwa ba. Malam ya ce yana so ya hau sau ɗaya kafin hasken ya ƙare, kuma da abokinsa yake so ya hau.

Babban yaron nan namu da ke aiki a Katsina ya ce sam, kada a kai mai lalurar ido kan dutse. Wasu mata a unguwa kuma sun ce yanzu zamani ya canza, bai dace matar aure ta fita yawon daji ba. Na ce da mijina da 'ya'yana zan je, kuma da mayafina.

Don Allah ki roƙar mana Baban Ikem. Ko shi kaɗai ne ya zo, kafin azumi. Ɗakin zaure yana nan, zan share masa. Na ba Ogochukwu, ɗan garinku mai shagon taya, takardar nan, da kuka da daddawa a ƙulli.

Firdausi da Auta suna gaishe ku.

Taki,
Haulatu


Daura, Satumba 2003

Maman Ikem,

Ina gaishe ki, ina yi miki gaisuwar rashi. Yaya haƙuri? Yaya yara suka ji da wannan abu? Allah ya ba ki dangana, ya raya abin da ya bari.

Ogochukwu ya dawo ya kawo mini amsarki. A tsaye na karanta ta a bakin murhu, sai da tuwo ya kama. Ashe lokacin da nake rubuta miki labarin rarrafensa ina dariya ni kaɗai, mutumin yana cikin ƙasa tun farkon damina. Ki yafe mini in takardata ta fama miki ciwo. Kin ce bai yi doguwar jinya ba, ƙirjinsa ne ya riƙe yana shago. Kin ce har ya rasu in ya ji haushin yara da Hausa yake yi musu faɗa. Wannan ya sa ni kuka fiye da komai.

Ba zan manta ranar da naƙudar Auta ta zo mini da gardama ba, Malam yana wajen taron malamai a Katsina. Baban Ikem ne ya rufe shago ranar kasuwa, ya kai ni asibiti, ya zauna a kan benci har aka ce na sauka. Mutum ne, Maman Ikem. Duk unguwar nan ta shaida.

Ga abin da ke damuna. Ban gaya wa Malam ba. Likita ya ce a guji abin da zai tayar masa da hankali, don jininsa yana hawa. Da ya tambaye ni ko an sami amsa, sai na ce Ogochukwu bai same ku a gida ba. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai wannan karon, kuma kullum tana ƙara nauyi. Ya sa an wanke masa takalmansa na roba. Ya sa Auta ta nemo masa sanda biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta baƙo. In ya ji tsayuwar mota a ƙofar gida sai ya rage rediyo.

Firdausi ta ce in faɗa masa, haƙƙinsa ne. Yayanta ya ce in bari. Gero ya nuna, an fara yanka, ruwa ya kusa ɗaukewa. Malam ya ce in abokinsa bai iso ba kafin tsakiyar watan gobe, za mu je hakanan, ya ba shi labari daga baya.

Ki ci abinci ko ba kya so. Ki gaishe da Ikem, ki ce masa yanzu shi ne babba.

Taki a cikin jimami,
Haulatu


Daura, Oktoba 2003

Aminiyata Maman Ikem,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, da fatan haƙuri yana ƙara zama. Yaya ƙarfin jiki? Mu nan lafiya, muna shirin azumi.

Mun je dutsen ranar Asabar da ta wuce. Yaron nan da ya fi kowa hanawa, shi ne ya zo da motarsa ya ɗauke mu. Gandun yana nan kore shar, sai dai an sare itatuwa da yawa ta gefen hanya. Mai gadi ya gane Malam, ya tambayi ina Inyamurin nan mai barkwanci. Malam ya ce yana tafe.

Kin san farkon hanyar ba wuya, ko ƙaramin yaro yana binta. Malam ya dafa kafaɗar Firdausi, tana gaya masa ga dutse, ga saiwa, ɗaga ƙafa. Yayanta yana biye da shi a baya, hannuwa a buɗe kamar mai tare jariri, bai bari uban ya sani ba. Auta tana gaba tana tsinkar kanya. Kwarmin duwatsun nan duk da sauran ruwan sama a ciki, har Malam ya tsuguna ya wanke fuska. Sau biyu ya yi tuntuɓe, na biyun ya fasa yatsa, amma ya hana a tsaya.

Da muka kai tsamiyar nan ta rabin hanya, inda muke shimfiɗa tabarma mu ci abinci, sai ya ce ya gaji. Ya ce yara su ƙarasa sama, ni in zauna da shi. Da ƙyar babban ya yarda.

Da sawunsu ya yi nisa, sai ya ce, "Haulatu, yaushe Nwafor ya rasu?"

Ya ce tun ranar da Ogochukwu ya dawo ya gane, don ya gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa, bai kawo masa saƙon tsokanar da abokinsa ya saba aikowa ba. Ya ce kuma ya ji ni ina jan hanci a madafa ina cewa hayaƙi ne. Ya yi shiru ne yana fata kunnensa ne ya yi masa ƙarya kamar yadda ido yake yi masa. Shi ya sa bai daina sauraren mota ba.

Na gaya masa duk abin da kika rubuto. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in juya shi ya fuskanci kudu, wajen ƙasarku. Na juya shi. Ya tambaye ni me nake gani, na ce gonakin dawa, da garken shanu, da wani mai babur a kan hanya. Ya ce shi haske kawai yake gani, kamar faɗin faifai. Sai hawaye. Shekara talatin muna tare, ko da mahaifiyarsa ta rasu ban ga hawayensa ba, a ɓoye ya yi.

Can ya ce ya san abin da malamai suka faɗa game da yi wa wanda ba Musulmi ba addu'a, kuma shi ba zai yi jayayya da su ba. Ya ce, "Amma Allah ya ga abin da mutumin nan ya yi mini, kuma Allah ba ya zaluntar kowa. A nan na bar maganar."

Muna nan sai muka ji muryar Auta daga ƙololuwa tana kiran Baba, ya dube su. Ya miƙe yana murmushi, ya ɗaga hannu yana yi musu alama, amma wajen da babu kowa yake ɗagawa. Na kama hannun a hankali na karkata shi wajensu.

Bai ƙarasa hawa ba. Da yara suka sauko suka ce za su riƙe shi ya kai sama, ya ce a'a, nan ma ya isa. Muka ci dambu a gindin tsamiya, shi ya ɗan taɓa kawai. Saukowa ta fi hawa wahala, a ƙarshe sai da ɗansa ya goya shi, yana ta cewa a sauke shi kada mutane su gani.

Tun da muka dawo hasken ya ƙara raguwa. Jiya ya tambayi Auta ko an ɗauke wuta, alhali rana tana tsaka.

Yanzu ga saƙonsa. Ya ce gaisuwar mutuwar aboki ba a aika ta a takarda, da ƙafa ake zuwa. Yaron nan ya ce hanya da nisa, kuma ba a san yadda za a karɓi Bahaushe a can ba a irin wannan lokaci. Malam ya ce Nwafor ya yi shekara ashirin a cikinmu, mu ba za mu kasa kwana uku a cikinsu ba. Daga nan yaron ya haƙura.

Don haka in Allah ya kai mu bayan ƙaramar Sallah, muna tafe, ni da shi da Firdausi. Ogochukwu zai raka mu, shi zai sanar da ku ranar. Kada ki wahalar da kanki da girki, tabarma da ruwan alwala sun ishe mu. Ki ce wa Ikem ya tare mu a tashar Anaca. Malam ba zai gan shi ba, don haka kada ya tsaya daga nesa yana ɗaga hannu. Ya matso kusa, ya kama hannunsa, ya gaishe shi da Hausa.

Ki huta lafiya. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Haulatu