Maigidana ya ce wa ogansa Bature ɗanmu takwaransa ne

Assalamu alaikum Admin, a sakaya sunana don girman Allah. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya dame ni, ko fuskar maigidana ba na son kallo.

Shekararmu biyar da aure, muna zaune a Karama nan Dubai, shi yana aiki a wani kamfanin kago, masu jigilar kaya, a Port Saeed. Ina da cikin fari mahaifina ya rasu, Allah ya jiƙansa, da na haifi namiji maigidan da bakinsa ya ce a mayar da sunan Malam mahaifin nawa, ranar har kukan daɗi na yi. Kun san al'ada, ba mai kiran sunan gatsal, Abba muke ce wa yaron, yanzu shekararsa uku.

Watan jiya ya ce ogansa zai kawo mana ziyara, in yi girki na kece raini. Ogan wani dattijo ne ɗan ƙasar Poland, sunansa Wojciech, a baki kamar Voicek. Na yi waina da miyar taushe. Yana shigowa ya durƙusa gaban Abba, tsoho da ciwon gwiwa, yana ce masa Voitek, Voitek, idonsa taf da hawaye, ni na ɗauka gaisuwarsu ce. Sai ya juyo yana mini godiya da Turanci, wai ba a taɓa karrama shi ba kamar yadda muka sa wa ɗanmu sunansa. Na kalli maigidan, ya sunkuyar da kai yana ta zuba shayi a kofin da ya riga ya cika.

Ashe satin da na haihu ana rage ma'aikata a ofis, shi ne ya je ya ce wa ogan an yi masa takwara. Da dattijon ya tambaya me ya sa ake ce wa yaron Abba, sai ya ce ai mu Hausawa ba ma kiran sunan babban mutum, saboda kunya. Kun ji fa, alkunyar da nake yi wa mahaifina ita ya ɗauka ya lulluɓe ƙaryarsa da ita, tir.

Dattijon ya zauna yana ba ni tarihin sunan, ya ce tsohon suna ne na kakanninsu tun kafin addinin Kirista ya iso ƙasarsu, kalma biyu aka haɗa, ɗaya mayaƙi ɗaya farin ciki, wato jarumin da yake murna da yaƙi, wasu kuma su ce mai sanyaya zuciyar mayaƙa, Voitek ɗin kuma na lallashin yara ne. Shi ma sunan kakansa ya ci. Matarsa ta rasu, bai taɓa haihuwa ba, ya ɗauka sunan ya ƙare a kansa a gidansu. Ya ciro wani ɗan cokalin azurfa, ya ce da shi aka ciyar da kakan, da shi aka ciyar da shi, yanzu na Voitek ne. Da hannuna biyu na karɓa, har na ce na gode.

Bayan ya tafi muka yi ta da maigidan. Wai mene ne a ciki, ai a fasfo sunan Malam ne, wai da bai yi haka ba da tuni mun koma Kano, kuma saura wata biyu a sabunta kwantiraginsa, bizarmu duka a kansa take, khalas, wato shi ke nan, in bar maganar. Har da cewa ma'anar ma ai mai kyau ce, jarumi. Na ce masa Malam da ko kaza bai iya yankawa, mutumin da duk rigimar unguwa a zaurensa ake sulhunta ta, shi za a musanya da mai murnar yaƙi? Ya ce na cika ɗaukar abu da zafi. Ni ba sunan nake ƙyama ba, sunan mutane ne mai asali, dattijon ya fi ni sanin darajarsa tunda har kuka ya yi. Abin da nake ƙyama mutum ya kalli maraicina da kaɗaicin tsoho ya ga hanyar cin abinci.

Ban gama da wannan ba, shekaranjiya muna bidiyo kol da mahaifiyata Hajiya, tana yi wa Abba wasan jika, ta ce wa yaron, maigidana faɗa mini sunanka, ita so take ta ji sunan mijinta a bakinsa. Yaro ya washe baki ya ce Voitek. Ashe duk fitar da ubansa yake yi da shi ran Asabar ofis suke zuwa, yana koya masa sunan a mota da cakulan. Hajiya ta ce me ya ce? Na ce mata netwok ne yake yankewa. Na kashe wayar na ji ƙyamar kaina ta fi ta shi.

Yanzu sati mai zuwa dattijon ya gayyace mu gidansa, wai a ƙasarsu kowane suna yana da ranarsa a shekara, ranar sunansu ce shi da takwaransa, har kek ya sa a yi. In na faɗa masa gaskiya na karya zuciyar bawan Allahn da bai yi mana komai ba sai alheri, wataƙila aikin ma ya tafi. In na yi shiru ɗana zai tashi yana amsa sunan da ba nasa ba. Cokalin yana nan cikin durowa, na kasa ba shi abinci da shi, na kasa mayarwa.

'Yan uwa ya zan yi? In je in faɗa masa da bakina, ko in tilasta wa maigidan ya warware abin da ya ƙulla? Kuma in Hajiya ta sake tambayar jikanta sunansa, netwok zan sake cewa?