Ƙwayar Bajonka Tana Akwatina

Zuwa ga ɗana Tanko,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan wasiƙa za ta same ka a tsaye da ƙafafunka, kana numfashi ba tare da wahala ba. Idan ka tambayi gida, muna nan cikin alherin Allah. An gama tonon citta, yayyenka suna gaishe ka, akuyar nan mai taurin kai ta haihu.

Ka san ba halina ba ne in kai maganar gida kasuwa. Amma na kira ka ba ka ɗauka, na aika saƙon murya ba ka buɗe ba, ga shi kuma ina ganin ɗan koren ɗigon nan kusa da hotonka, wanda kai da kanka ka koya mini cewa alama ce mutum yana nan. Tunda nan kake, nan na biyo ka, a wannan dandalin waya da kowa ke karantawa. Ban sa sunanka na takarda ba, na sa na gida, na ɗan da ya zo bayan 'yan mata. Sunan kamfani ma ban sa ba. Da yatsa ɗaya nake rubutu, yadda na koya a ajin Zumuntar Mata bayan furfura ta riga ta fito mini. Ka daure ka karanta har ƙarshe, don ya ɗauke ni lokaci.

Maganar bajonka ce.

Shekarar da citta ta ruɓe mana a gona, ka zo ka tsuguna ka ce ka sami aiki a ramin haƙar ma'adinai na wani kamfani, can cikin duwatsu bayan Gidan Waya. Na tashi na shiga kicin. Ka biyo ni ka ce wannan ba irin ramin Baba ba ne, wannan na zamani ne, yana da doka.

Zuwanka na fari bayan ka fara aiki, ka zauna a tabarma kana lissafa mini dokokin kamar yaron da ya haddace aya. Ba a shiga sai da hular kwano da takalmi da takunkumin hanci. Ana jiƙa dutse da ruwa kafin a huda shi, don kada ƙurarsa ta tashi. Akwai wata babbar fanka da ke tura iska ciki, idan ta tsaya kowa ya fito. Ba a cin abinci a ƙasa. Ba a komawa masauki da kayan aiki a jiki. Sannan ka nuna mini wani ɗan abu na roba da ke maƙale a ƙirjin rigarka, bai kai kwalin ashana ba. Ka ce sunansa bajo. Ka buɗe shi, na ga kwanso ne da ƙwaya kamar gyaɗa, ƙwayar kuwa wani ɗan siririn kati ne.

Ka ce dutsen da kuke fasawa yana fitar da wani abu da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Kuna ce masa radiyeshan. Ba ya kayar da mutum a rana ɗaya, taruwa yake yi a jiki kaɗan-kaɗan. Ƙwayar nan ita ce take ƙirga abin da ya shiga jikinka, muddin tana ƙirjinka. Lokaci-lokaci wata mata mai kula da lafiyar ma'aikata, da kuke kira Madam Sefti, takan tattara, ta aika a auna, ta ba ku sababbi. Wanda nasa ya yi yawa sai a fito da shi ya yi aiki a sama, jikinsa ya huta.

Ba ka san abin da ya sa na yi hawaye ranar ba. Ka ɗauka tsoro ne. Godiya ce.

Kana ƙarami lokacin da babanka yake haƙar kuza wajen Godogodo. Loto suke ce wa ramin, kamar rijiya yake, da igiya ake saukar da mutum. Ba hula, ba fanka, ba kome. Abu ɗaya suke da shi, fitila. Kowace safiya kafin mutum ya sauka, sai a ɗaura fitila mai ci a igiya a zura ta ƙasa. Idan ta mutu, ba mai shiga ranar, ko da yunwa za a kwana. Na taɓa ganin mai ramin yana zaginsu don sun ƙi sauka, babanka yana naɗe igiya yana dariya. Abin da yake cewa kullum shi ne, “Fitila ba ta cin hanci, ba ta san oga ba.”

Bai taɓa yi wa fitila gardama ba. Duk da haka tari ya kama shi. Ka tuna yadda yake tsayawa tsakanin gida da coci ya dafa katangar makaranta, yana yi kamar yana kallon 'yan ƙwallo? Ba ƙwallo yake kallo ba. A asibitin Kafanchan likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa a haske ya tambaye shi shekara nawa ya yi a ƙarƙashin ƙasa. Ban fahimci sauran Turancin ba. Abin da na riƙe shi ne, akwai abin da ke cikin rami wanda ba ya kashe fitila, amma yana cin huhu. Ko ƙura ce ta ci nasa, ko wannan abin naku ne, ko duka biyun, Allah ne masani. Shi ya sa da ka nuna mini bajo na ce a raina, ashe an yi wa ɗana fitilar da ubansa bai samu ba.

Sai zuwanka na lokacin shuka. Za ka tafi, ka miƙo mini ƙwayar a tafin hannu, ka ce, “Mama, ajiye mini wannan inda ba zafi ba ruwa. An ba ni biyu ne. Idan ana bukata zan aiko.” Na ji daɗi ƙwarai, ɗana ya ba ni ajiyar abin aiki. Na naɗe ta a hankici na sa a ƙasan akwati, tsakanin zanen Zumunta da katin baftismarka. Wani mai mashin da ka aiko ya zo ya karɓa, daga baya ya kawo wata, na sake ajiyewa. Haka muka yi ta yi har damina ta wuce. Ko ɗaya ban bari ta yi datti ba.

Makon jiya muna tsaga citta a tsakar gidan Maman Shedrak, uwar abokinka da kuka tafi ramin tare. Ka san bakinta ba ya hutawa. Tana ta mita wai an fito da Shedrak daga ƙasa an sa shi wankin mota da sharar fili, albashi ya ragu, duk don bajonsa ya ƙirga da yawa. Ta ce abokansa suna masa dariya suna kiransa fasto, don shi kaɗai ke shiga da bajo cikakke. Ta ce, “Sauran duk masu wayo ne, kwanso suke rataya wa Madam ta gani, ƙwayar tana gida tana shan iska.” Matan suka yi dariya. Ni wuƙa ta tsaya a hannuna.

Na dawo na buɗe akwati na warware hankicin. Na daɗe ina kallon ƙwayar. Watau duk watannin nan iskar akwatina ake aunawa. Can a ofis suna duba sakamako suna cewa yaron nan lafiyarsa ƙalau, bari ya ci gaba da sauka. Zanen Zumuntana ne lafiyarsa ƙalau, Tanko. Kai ba wanda ya san abin da ke cikin ƙirjinka, har kai kanka.

Kuna fasa dutse ɗaya da Shedrak. Iska ɗaya kuke shaƙa. Ba sai na je babbar makaranta ba kafin in haɗa wannan lissafin.

Da mai mashin ya zo ranar Alhamis na ba shi ruwa ya sha, na ce ya koma ya gaya maka babu saƙo. Ba a jima ba ka kira. Muryarka ta babanka ce idan ransa ya ɓaci, ƙasa-ƙasa. Ka ce ban gane aikin ba. Ka ce kowa haka yake yi. Ka ce idan ranar tattarawa ta zo ba ka da ƙwaya za a kore ka, kuma ni ce sanadi. Ka ce, “Mama, wa zai riƙe miki gida in na koma wankin mota?” Sannan ka yi tari, ka kawar da waya daga bakinka don kada in ji. Na ji. Tun ranar ba ka sake ɗaukar kirana ba.

Wataƙila mura ce. Na gaya wa kaina haka sau ba adadi. Amma ni matar da ta zauna da tari a ɗaki ɗaya ce, ba ni da sauran kunnen da zai ji tari ya ce ba kome.

Ban ce kai mugu ba ne. Na san don wa kake yi. Sabon kwanon da ke kan ɗakina kai ne, kuɗin makarantar 'ya'yan yayarka kai ne, maganin ƙafata kai ne. Duk na ci, na gode, na kai baiko a coci ina rawa da sunanka. Yanzu idan na kwanta na kalli kwanon nan sai in ga kamar da numfashinka aka buga ƙusoshin. Na kwana shekaru da kwanonin abinci jere a ƙasa suna tarar ruwan sama, ban mutu ba. Zan iya komawa.

Kuma ban ce kamfani ba shi da nasa ba. Da ba a rage wa wanda aka fitar sama albashi, da ba wanda zai ɓoye ƙwaya a akwatin uwarsa. Wannan magana ce da ya kamata ku haɗa kai ku faɗa musu da baki, ku da kuka iya Turanci. Amma ku tsaya ku yi gardama da oga, kada ku yi gardama da fitila. Babanka bai iya rubuta sunansa ba, wannan kam ya sani.

Na san abokanka suna karanta wannan a bayan kafaɗarka, wasu suna dariya, wasu suna cewa tsohuwar nan za ta ɓata mana aiki. Ka gaishe su. Ka ce musu su ma suna da uwaye, kuma uwayen suna da akwatuna, kuma ranar Laraba akwai taron Zumunta.

Ga abin da na yanke, don kada ka ce na yi maka a ɓoye. Ba zan ba mai mashin ba. Ba zan jefar ba. Ranar Litinin in Ubangiji ya kai mu zan hau mota zuwa Gidan Waya, in hau mashin zuwa bakin ƙofarku, in nemi Madam Sefti. Zan sa ƙwayar a hannunta in gaya mata inda ta kwana tun lokacin shuka, da ita da waɗanda suka riga ta. Zan roƙe ta ta sa a duba ƙirjinka, ta fitar da kai sama har a san gaskiya. Zan durƙusa mata kada a kore ka. Ban san ko za ta ji ba. Na kwana da wannan, na tashi da shi. Mai yiwuwa ka rasa aikin, mai yiwuwa ka daɗe ba ka taka gidan nan ba. Na gwammace ka yi fushi da ni kana numfashi.

Amma abin da na fi so shi ne ka riga ni. Ka je da ƙafarka ka faɗa mata da bakinka, kafin Litinin. Mutumin da ya kawo kansa ba ɗaya yake da wanda uwarsa ta kawo ba. Idan ka yi haka, zan zo duk da haka, amma da tuwon acca da miyar karkashi, in zauna a inuwa in jira ka.

Ka tuna ranar da ka fara zuwa makaranta? Majina ba ta barin hancinka, sai na maƙala maka hankici a ƙirjin riga da fil. Ka yi ta kuka wai manyan yara za su yi maka dariya. Kana shan kwana sai ka cire ka cusa a aljihu, kana zaton ban gani ba. Kashegari na sake maƙalawa. Ka sake cirewa. Na sake maƙalawa. Ban gaji ba a lokacin, Tanko na, kuma hannuna bai manta ba.

Ubangiji wanda ya san abin da ke ƙarƙashin duwatsu, ya kiyaye saukarka da fitowarka. Ya tsare huhunka daga abin da ido ba ya gani. Ya ba ka zuciyar da za ta jure dariyar abokai, kamar yadda ya ba Shedrak. Ya taɓa zuciyar masu ramin su yi muku adalci. Ya tsare 'ya'yan mutane duka da ke ƙasa yanzu haka, masu ƙwaya da masu kwanso. Ya bar mini kai har ka rufe idona, kada ni in rufe naka. Cikin sunan Yesu, amin.

Wayata a kunne take, na cika ta da caji. Idan ba za ka iya magana ba, ka kira kawai ka yi shiru, in ji numfashinka.

Ni ce mahaifiyarka,
wadda ta haife ka bayan 'yan mata.